Maigidana Na So In Sa Sunansa A Takardar Gidana, Ga Banki Na Bin Sa Bashi

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Zariya. Mun daɗe da aure da maigidana, 'ya'yanmu uku, namiji ɗaya mata biyu. Da mahaifinmu ya rasu aka raba mana gado, sai na sayi fili a wajen Dakace da rabona. Da albashi, da adashi, da rancen ƙungiyar ma'aikata ta wurin aikinmu na yi ta ɗora bulo har gini ya kai linta, kuma na gama biyan rancen. Maigida shi ya yi rufi, ya ja katanga, ya sa ƙofar gida. Muka baro haya a Tudun Wada muka tare. Takardar mallaka ta gwamnati, wato C of O, ta fito da sunana ni kaɗai.

Shi sana'arsa sayen masara da waken suya a kasuwannin ƙauye, ya ajiye sai sun yi daraja. Ya ci rance a wani ƙaramin banki ya cika sito, farashi ya karye, ya sayar da asara. Yanzu watanni ke nan bai iya biya ba, ga wata manhajar bashi ta waya da ke ta kiran mutanensa. Kwanan nan ya ce in je a ƙara sunansa a takardar gidan. Dalilinsa biyu: abokansa na yi masa shaguɓe a majalisa wai a gidan Hajiya yake zaune, sannan wai in banki ya ga sunansa a takardar gida zai ba shi sabon rance ya farfaɗo.

Anti, ina son mijina, bai taɓa wulaƙanta ni ba. Amma ina tsoro. Ni ma ina shirin neman rancen asusun gidaje na ƙasa, wato NHF, in ƙarasa ɓangaren bayan gidan. In na sa sunansa, bashinsa zai ɓata min suna a banki? Ko sunana ne zai gyara nasa? Yana da 'ya'ya maza biyu da matarsa ta fari da suka rabu, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa na raye. Yayana ya ce kada in kuskura. Na rasa inda zan sa kaina.

Wata baiwar Allah, daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa albarka a wannan gida, ya kuma warware wa maigidanki abin da ya dame shi.

Bari in fara da tambayar da ta fi tsaya miki a rai, don ita ce mafi sauƙin amsawa. Sa sunan maigida a takardar gida ba ya taɓa tarihin bashinki, ba ya kuma wanke nasa. Ma'ajiya biyu ce, kowace da masu riƙe da ita. Takardar fili tana ƙarƙashin gwamnatin jiha, wato hukumar KADGIS a nan Jihar Kaduna, abin da ke ciki shi ne wane ne mai fili kaza, a ina yake, ina iyakarsa. Tarihin bashi kuwa yana hannun kamfanonin da Babban Bankin Najeriya ya ba lasisi, su ne CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Abin da bankuna ke aika musu shi ne wane ya ci rance, nawa ya ci, yana biya a kan kari ko yana ja, wa ya tsaya masa. Da BVN ɗin mutum da bayanansa na kansa suke gane shi, kuma ɗaurin aure bai taɓa haɗa BVN biyu ya zama ɗaya ba. Ko a Amurka, inda ake ta yo mana bidiyo a kan makin bashi, haka dokar take: sunan da ke takardar gida daban, sunan da ke takardar rance daban.

Saboda haka in yau aka rubuta sunansa kusa da naki a C of O, gobe kika nemi rahoton bashinki, za ki same shi yadda kika bar shi. Shi ma nasa yana nan da tabonsa.

Hanyoyin da bashinsa zai iya shigowa gidanki wasu ne, kuma dukansu da hannunki za ki buɗe musu ƙofa. Ta farko tsayawa. Wata rana za a kawo miki fom mai shafi biyu ko uku, a ce ki haɗa da hoton fasfo, da katin aiki, da takardar albashi ta 'yan watanni, ma'aikacin bankin na murmushi yana cewa "sa hannu ne kawai, Hajiya, don cika ƙa'ida." Wannan sa hannun shi ne ke mayar da bashinsa naki. In ya gaza, ke za a bi, kuma ma'aikaciya mai albashi a ƙarshen kowane wata ita ce irin wadda banki ke so ta tsaya wa ɗan kasuwa. Ta biyu ku ci rance tare da sunayenku biyu. Ta uku asusun haɗin gwiwa. Tun watan Agustan 2020 Babban Banki ya fara aiki da tsarin da ake kira GSI, wanda ya ba banki damar bin BVN ɗin wanda ya kasa biya ya cire kuɗinsa daga asusunsa da ke wasu bankuna, kuma asusun haɗin gwiwa na cikin waɗanda tsarin ya lissafa. In kuna da irin wannan asusu, kada albashinki ko kuɗin makarantar yara su riƙa kwana a ciki a wannan lokaci. Ta huɗu, wadda ta fi duka nauyi, ita ce jinginar da gidan.

A nan ne nake so ki taya maigida duba lissafinsa, don akwai kuskure a ciki, kuma ba na jin da gangan ya yi shi. Yana ganin sunansa a takardar gida zai sa banki ya saki kuɗi. Banki ba ya ba da rance don ya ga suna a takarda. Babban Banki ya wajabta wa bankuna su nemo rahoton mai neman rance daga aƙalla biyu cikin kamfanonin nan kafin su ba shi, kuma abin da za su fara gani shi ne rancen da bai biya ba. In kuwa wani banki ya ce zai rufe ido ya bayar saboda gida, to gidan yake nufi a jingina masa, ya riƙe asalin takardar, ya rubuta jinginar a rajistar filaye. Babu bankin da zai karɓi rabin gida da mutane ke kwana a ciki, sai kin sa hannu a kan gidan gaba ɗaya. Kin ga ke nan ƙara sunan bai ƙara masa komai ba a gaban banki, tunda ko ba sunansa, mai gida na iya jingina gidanta don rancen wani. Maganar gaskiya da ke ƙarƙashin dalilinsa na biyu ita ce: za ki yarda a jingina rufin da 'ya'yanki ke ƙarƙashinsa don a sake sayen masara? Ni a ganina a'a, ba yanzu ba. Kasuwar hatsi tana ɗaga mutum tana kuma kayar da shi, shi da kansa shaida ne. Mai cin sabon bashi don ya toshe tsoho, yawanci biyu yake tashi da su.

To amma ko an ajiye maganar banki gefe, ƙara suna ba ƙaramin abu ba ne, kuma nan ne ya kamata tsoronki ya koma. Mutane na ɗaukar abin kamar a ƙara layi ɗaya a takarda. A doka da shari'a, ba shi wani ɓangare na gidan kika yi, ya zama nasa halak malak. Abin da ya zama nasa kuwa, mai bin sa bashi na iya sa masa ido. Ba wai za su tashi da safe su liƙa takarda a ƙofa ba. Sai sun kai ƙara, sun yi nasara, an fara neman abin da ake iya ɗauka, kamar mota da kuɗin asusu, in bai isa ba su nemi izinin babbar kotu a kan gida ko fili. Hanya ce mai tsawo, amma a yau ba ta biyo ta ƙofar gidanki, domin gidan ba nasa ba ne. Ranar da kika sa sunansa, kin share mata hanya.

Sai batun kyauta a shari'a. Kotunan shari'a na Arewa mazhabar Malikiyya suke bi, kuma a wajen malamanta kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin a hannunsa. Akwai wata mas'ala da mata da yawa ba su sani ba. In miji ya ba matarsa gidan da suke zaune a ciki, ya ci gaba da zama a ciki har ya rasu, malamai na cewa hauzi bai tabbata ba, saboda samar da muhalli wajibinsa ne, zamansa a gidan na nuna bai sake shi ba. Amma in mace ce ta ba mijinta gidan da suke zaune, kyautar ta inganta ko ba ta fita ko nan da can ba. Ma'ana, taki kyautar tana kama ƙasa nan take. Kuma kyautar gida ba aron zani ba ce da za a ce a dawo da shi bayan biki. Akwai 'yan wuraren da alƙali kan duba, misali in an yaudari mace ko an tilasta mata, amma ba a gina rayuwa a kan begen shari'ar da ba a san ƙarshenta ba.

Yanzu mu yi lissafin gado, duk da na san ba magana ce mai daɗi ba. Allah ya ja kwanan kowa, amma a ce kin ba shi rabin gidan, ya riga ki. Wannan rabin ya shiga cikin abin da ya bari. Kafin kowa ya ɗauki ko sisi, sai an biya bashi. Abin da ya rage, in an kasa shi kashi 24, ke kina da 3, shi ne tumunin takaba. Mahaifiyarsa na da 4, wato sudusi. Sauran 17 na 'ya'yansa biyar ne, namiji rabon mata biyu. Maza uku da mata biyu kashi takwas ke nan, huɗu daga ciki na 'ya'yan matarsa ta fari ne. In kika haɗa rabon mahaifiyarsa da na yaran nan biyu, ya ɗan haura rabin abin da kika ba shi, wato wajen kashi ɗaya cikin huɗu na gidan gaba ɗaya. Haƙƙinsu ne da Allah ya ba su, ba kwaɗayi suka yi ba. Sai dai ɗaki ba ya yankuwa gida takwas. Abin da kan faru shi ne a yi wa gidan kuɗi, a ce ki biya su rabonsu, in babu a sayar. Duk wanda ya taɓa zama a kotun shari'a ranar rabon gado ya ga macen da ta fito daga gidan da ta gina da guminta a kan irin wannan. In kuma ya ƙaro aure nan gaba, tumunin nan ma ku biyu za ku raba, kuma mai rabin gida zai ga yana da bakin cewa ga ɗakin da amarya za ta tare.

Ki kuma duba ɗaya gefen. In takardar ta zauna yadda take, ke kika riga shi, ba zai tashi a tutar babu ba. Miji na da rubu'in abin da matarsa ta bari in tana da 'ya'ya. Shari'a ta riga ta ajiye masa gurbi a gidan nan ba tare da kin je KADGIS ba.

Na tsaya a gefenki da yawa, bari in koma nasa, don yana da gaskiyarsa. Mutumin nan ya yi rufi. Ki tambayi duk wanda ya sayi bandir ɗin kwano, da katako, da ƙusa, ya biya kafinta a 'yan shekarun nan, zai faɗa miki rufi ba wasa ba ne. Ya ja katanga, ya sa ƙofa. Lokacin da yake da shi bai ce gidan mace ne ba zan sa kuɗina ba, maza da yawa kuwa haka za su ce. Yanzu kasuwa ta juya masa baya, ana kiran abokansa da 'yan'uwansa a waya ana ce musu ya ci bashi ya gudu. Sannan ya je majalisa bayan la'asar, ana shan shayi, ya ce bari in tashi in je gida, wani ya ce "a gaida mai gidan", a kwashe da dariya. Namijin da aljihunsa ke cike zai yi dariya tare da su. Wanda ya karye, maganar nan har cikin ƙashi take shigar masa. Ina kyautata zaton abin da yake nema a wurinki shi ne ya ji cewa har yanzu shi ne maigida, cewa faɗuwar kasuwa ba ta sauke shi a idonki ba. Takardar ita ce abin da hannunsa ya iya kaiwa gare shi.

In haka ne, akwai abubuwan da za ki iya ba shi da suka fi layin suna amfani, kuma ba za su jefa gidan a bakin masu bashi ba.

Ki fara da kuɗin da ya kashe. Kada ki bar shi a duhu, don irin wannan ne ke zama rigima bayan ran mutum, 'ya'ya na cewa ubanmu ne ya gina, dangin uwa na cewa ƙarya ne. Ku zauna ku lissafa abin da ya zuba, in akwai rasit a nemo, in babu a tambayi kafintan da magini. Sai ki tambaye shi a natse: kyauta ya yi wa iyalinsa, ko bashi ne a kanki, ko hannun jari ne a gidan? Duk wanda ya zaɓa a rubuta, shaidu biyu su sa hannu, ɗaya daga danginki ɗaya daga nasa. In ya ce bashi ne, to ga hanyar taimakonsa ta samu da mutunci: ki riƙa biyan sa a hankali gwargwadon ƙarfin albashinki, kuɗin na tafiya kai tsaye wajen rage abin da banki ke bin sa. Shi bai roƙe ki ba, haƙƙinsa ya karɓa. Ke kuma gidanki ya fita tas daga shubuha. Ni wannan ce ta fi kwanta min a rai.

Akwai kuma babin da fiƙihu ya sani na mallaka wa mutum zama ba tare da an mallaka masa ginin ba. Ki rubuta cewa yana da ikon zama a gidan nan muddin yana raye, ba wanda zai tashe shi ko bayan ranki. A mazhabarmu, in wa'adin ya ƙare gidan na komawa ga mai shi ko magadanta. Wannan na kashe tsoron da maza da yawa ke ɓoyewa, na cewa wata rana za a nuna musu ƙofa. Amma kada ku rubuta shi da ka. Ku sami malamin da ya san gado da kyauta, ya duba lafazin tare da lauya, musamman abin da zai faru in aure ya ƙare, da yadda abin zai shafi sauran magadanki. Zariya ba ta rasa masu wannan ilimi, daga zaurukan cikin birni har Kongo, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke da tsangayar shari'a da cibiyar nazarin shari'ar Musulunci. Wasiyya kam kada ki dogara da ita, don miji magaji ne, ba a yi wa magaji wasiyya sai sauran magada sun yarda.

Sannan bashin kansa, wanda shi ne ciwon. Dokar da ta tsara harkar rahoton bashi ta 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Ku nema ku biyu. Naki don ki tabbata ba a sa ki a matsayin mai tsayawa a wani wuri ba da saninki ba, nasa don ku ga ainihin girman abin, domin mai bashi kan rage adadi in yana ba matarsa labari, ba don ƙeta ba, don kunya. Daga nan ya daina ɓuya. Ya je bankin da ƙafarsa, ya nemi a tsawaita masa lokaci a rage abin da zai riƙa biya duk wata, a rubuta sabuwar yarjejeniyar. Bankuna sun fi son a biya su kaɗan-kaɗan a kan zaryar kotu. Bashin manhaja, in ƙarami ne, shi za a fara kashewa, don shi ne ke zubar masa da mutunci kuma kuɗin ruwansa ke hawa da sauri. Duk bashin da ya gama biya ya karɓi takardar shaidar cewa ba a bin sa komai, ya kuma bibiya har a gyara bayanin a wurin kamfanonin nan. Da haka ake wanke suna a banki, babu wata gajeriyar hanya.

In bayan duk wannan, bashi ya kau, hankali ya kwanta, kika ga da zuciya ɗaya kina so ki ba shi wani kaso, dukiyarki ce, ba wanda zai hana ki, kuma alheri ne. Sai dai a yi shi yadda ya dace. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma sashe na 22 ya ce mai C of O ba zai sayar, ko ya bayar, ko ya jingina ba sai da amincewar gwamna. Abin da aka yi ba da ita ba, doka na iya ɗaukar sa kamar ba a yi ba. Don haka takardar da aka rubuta a zaure, mai unguwa ya buga hatimi, ba ta canza abin da ke KADGIS, sai dai ta zama makamin rigima. Lauya zai rubuta takardar kyauta, a biya harajin hatimi da kuɗin rajista, a nemi amincewar. Ki tambayi kuɗin a ofishinsu kafin ki fara, don suna canzawa. Lauyan ya zama naki, ke kika nemo shi, ba abokin maigida ba. A rubuta cikakken sunan kowa, kada a rubuta "Alhaji da Hajiya wane", don a gidan da ake iya auren mace fiye da ɗaya, wace Hajiyar ake nufi? A kuma faɗi kason ƙarara, sulusi ne ko rubu'i ko gwargwadon abin da ya kashe bayan masani ya kimanta gidan. Wannan na da muhimmanci, saboda a dokar da muka gada daga Ingila akwai irin mallakar haɗin gwiwar da in ɗaya ya rasu ɗayan ke kwashe duka, abin da ya yi karo da rabon gado na Musulunci. In aka bar takardar ba bayani, an bar wa 'ya'ya shari'a a kotu biyu.

Kafin nan, asalin C of O ɗin ya zauna a inda ke kaɗai ke iya ɗauko shi, kwafi ya ishi duk mai son gani. Kada kuma ki sa hannu a takardar wakilci a kan gidan, ko da an ce don a sauƙaƙa miki zirga-zirga ne. A ƙasar nan da irin wannan takarda ake cinikin filaye da yawa.

Rancenki na NHF, ki nema da sunanki ke kaɗai yanzu da rahotonki ke da tsabta. Asusun nan tun 1992 yake, ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya ke kula da shi, ruwansa kashi 6 cikin ɗari, biya na iya kai wa shekara 30. In gidan ya zama na mutum biyu, dole shi ma ya sa hannu a jinginar, kuma mai ba da rancen na iya leƙa tarihinsa, nan ne tabonsa zai iya jawo miki jinkiri. Amma ki tuna shi ma jingina ne. Ki auna ko ɓangaren bayan nan ba zai iya jira ba har guguwar nan ta wuce, tunda yanzu albashinki ne ginshiƙin gidan. In kuma zuciyarki ba ta natsu da kuɗin ruwa ba, ki tambayi malaminki, ki kuma leƙa bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz da TAJ ki ji tsarinsu.

Yayanki ya faɗi gaskiya, amma ki roƙe shi ya bar maganar a tsakaninku. In maigida ya ji cewa danginki sun zauna a kansa, abin da ake iya gyarawa a ɗaki zai koma yaƙin gida biyu. Ke za ki yi maganar, da dare bayan yara sun kwanta, ba ranar da aka kira shi daga banki ba. Kada ki buɗe da "ba zan iya ba." Ki ce masa kin yi tambaya, an tabbatar miki sunansa a takardar ba zai sa banki ya ba shi ko kwabo ba, sai dai ya ba masu bin sa damar kallon gidan, kuma gidan nan shi ne abu ɗaya da ya rage muku da ba wanda zai taɓa. Ki ce masa kina so ku lissafa kuɗin rufi da katanga, don ba kya son haƙƙinsa ya kwana a kanki. Sai ki yi shiru ki saurare shi, ko da ya ɗan yi fushi. Mai yiwuwa ya kwana biyu yana ɗaure fuska, wannan ba komai ba ne.

Abin da zai zama komai shi ne in ya mayar da maganar sharaɗin zaman aure, ya ce ko suna ko saki, ko ya fara ɗauke ƙafa da hana cefane don ki gaji ki sa hannu. Dukiyar mutum ba ta halatta ga wani sai da daɗin ransa, miji ma bai fita daga wannan hukunci ba. In abin ya kai nan, kada ki sa hannu a komai, ki sanar da waliyyinki, a samu dattijo ɗaya daga kowane ɓangare su zauna. Yadda kika siffanta shi ban ga alamar zai kai can ba. In kun karɓo rahoton bashin kun ga adadin, ki sake rubuto min mu duba nawa albashinki zai iya ɗauka a wata ba tare da tukunyar gida ta girgiza ba.